Gwangwani, bindigar feshi ko rola: da wanne za ka yi wa akwatin gem ɗinka fenti?

Akwatin gem irin na tsaye, wanda ake kira arcade, ba ya ɓoye aibin fenti ko kaɗan. Kujera tana da lanƙwasa da lungu, kabad yana da ƙofofi da mariƙai da ke ɗauke ido, shi kuwa wannan akwati bango biyu ne manya a miƙe, kowanne tsayinsa ya kai santimita 170 zuwa 180, babu abin da ke kansu sai launi. Duk wani ramin sukuru da ba a cike da kyau ba, duk wani tabon samfefa, duk inda fenti ya yi hawaye, mai shigowa ɗaki zai hango shi tun daga bakin ƙofa. Kuma da launi ake gane waɗannan akwatuna tun asali. Pac-Man na kamfanin Namco ya fito a 1980, akwatinsa da Midway ta riƙa ƙerawa a Amurka rawaya ne shar. Donkey Kong na Nintendo, na 1981, yawanci shuɗi ne mai haske. Tun da manhajar MAME, mai kunna tsofaffin wasannin arcade a kwamfuta, ta fito a 1997, daga baya kuma ƙaramar kwamfutar Raspberry Pi ta zo a 2012, mutane suka shiga haɗa irin waɗannan akwatuna a gidajensu, kuma da yawa sukan yi aikin katako mai kyau, su jona waya daidai, sannan su zo kan fenti su ɓata komai cikin yini ɗaya saboda ɗokin a fara wasa.

Shawara biyu ce ke gabanka. Ta farko, me za ka fara shafa wa katakon kafin launi, wato faraima. Ta biyu, da me za ka ɗora launin: gwangwanin feshi, bindigar feshi mai aiki da kwamfiresa, ko rola. Gardamar mutane takan fi yawa a kan ta biyu, amma a ganina ta farko ce ke yanke yadda akwatin zai fito, don haka da ita zan fara, kuma a kanta zan fi daɗewa.

Kafin ka zaɓi faraima sai ka dubi katakon da ka yi aiki da shi. Yawancin masu haɗa akwatin nan MDF suke saye, mai kaurin milimita 18, saboda fuskarsa sumul take, ba shi da jijiya ko ƙulli, kuma yana yankuwa yadda ake so. Garin katako ne aka kwaɓa da gam aka matse da zafi. Fuskarsa ta sha matsa har ta yi tauri, amma cikinsa sako-sako ne, kuma duk inda zarto ya bi, wannan cikin ne ke fitowa fili. Ɗauki guntun da ya rage maka ka ɗiga masa fenti a fuska da kuma a baki, ka tsaya ka kalla. Na fuskar zai zauna yana sheƙi. Na bakin kuwa kana kallo zai nutse, wurin ya yi duhu, kafin minti biyu ya bushe ƙayau kamar ba a sa komai ba, kuma idan ka shafa yatsa za ka ji gashi-gashi ya miƙe. Ka sake ɗiga wani, ya sake shanyewa. Mutane sukan ƙarar da gwangwani uku a kan bakin MDF kaɗai suna jiran ya yi sheƙi, bai kuwa yi ba.

Babbar matsalar MDF ita ce ruwa. Idan ya sha ruwa yakan kumbura kamar burodin da aka tsoma a shayi, kuma ba ya komawa yadda yake. Wannan ne ya sa faraima mai ruwa, irin wadda ake wanke burushinta da ruwan famfo, ba ita ce zaɓin farko a kansa ba. Tana da fa'idarta: wari kaɗan, saurin bushewa, sauƙin wanke kayan aiki, ana iya shafa ta a cikin gida. A kan fuskar MDF tana iya tafiya idan shafin bai yi kauri ba. A baki kuwa takan tayar da zaren katakon, ya zama sai ka goge ka sake, ka goge ka sake. Emoshan na bango kuwa, wanda wasu ke shafawa a matsayin faraima don ya fi araha, kada ka kusantar da shi: ruwa ne zalla a wajen MDF, kuma idan ka zo gugarsa da samfefa sai ya riƙa naɗewa yana cike takardar.

Faraima mai mai, wadda ake sirkawa da tina ko farin kananzir na fenti, ita ce tsaka-tsakin da ya fi dacewa da yawancin mutane. Ba ta kumbura katako, tana shiga baki ta toshe shi, tana da jiki da ke cike ƙananan ramuka, kuma idan ta bushe sosai tana goguwa ta zama gari mai laushi. Laifinta jira. Abin da aka rubuta a jikin gwangwani na iya cewa awa kaɗan, amma a bakin MDF inda ta nutse da yawa gara ka bar ta ta kwana. Idan ka sa samfefa ka ga tana danƙo tana yin ƙulalai, ba ta shirya ba, ajiye ka dawo gobe.

Akwai faraimar shalak, wadda sananniyarta ita ce Zinsser B-I-N. Shalak ƙaro ne da wani ƙwaro ke fitarwa a jikin bishiyoyi a Indiya da Tailan, ana narkar da shi a cikin sifirit. Don toshe bakin MDF ban san abin da ya fi ta ba: tana bushewa har a sake shafi cikin kamar minti 45, tana kama kusan kowane irin jiki, kusan kowane fenti kuma yana zama a kanta, kuma tana goguwa da kyau. Da ita za ka iya yin shafi uku a baki cikin wuni guda. Amma tana da tsada, ba a ko'ina ake samunta ba, ruwa-ruwa ce mai fantsama, kuma saboda saurin bushewarta ba ta yarda ka koma ka gyara inda ka riga ka wuce. A zafin watan Afrilu tana iya bushewa a jikin rola kafin ka kai ƙarshen bango. Wanda ya same ta, dabarar da ta fi riba ita ce ya sayi ƙaramin gwangwani ya yi amfani da ita a baki da kan kawunan sukuru kaɗai, fuskar kuma ya bi ta da mai mai.

Abin da kafintocinmu suka fi sabawa da shi shi ne sandin sila, wanda suke shafa wa gado da kabad kafin su fesa laka, wato fentin nan mai sheƙi da saurin bushewa. Dangin naitiroselulos ne, ana sirka shi da tina, yana bushewa cikin mintuna, kuma an yi shi ne musamman don ya gogu cikin sauƙi. Yana da araha, ana samunsa a duk inda ake sayar da kayan kafinta, kuma shafi biyu zuwa uku a bakin MDF, da guga a tsakani, suna toshe shi tsaf. Rauninsa biyu ne. Ba shi da launi, don haka ba ya nuna maka inda aibi yake yadda farar faraima ko mai ruwan toka ke nunawa. Kuma idan ka tara shi da kauri yana da gautsi, yana iya tsagewa a kusurwa. Ni a matsayin maganin baki nake ɗaukarsa, sannan faraima ta gaske ta hau kansa bayan an goge.

Sai faraimar mota, mai ruwan toka, wadda masu fentin mota ke fesawa bayan sun gama cike ramuka da bodi fila. An yi ta ne don ta yi kauri ta cike tabon samfefa, a goge ta ta koma kamar gilashi. Idan burinka akwati mai sheƙi irin na jikin mota, ita ce hanya. Amma bindiga take so, kuma tana son ta sami bakin da aka riga aka toshe, in ba haka ba ita ma shanyewa za ta yi.

Idan fulawud ka yi aiki da shi, labarin ya sauya. Ya fi MDF rashin nauyi, ya fi riƙe sukuru, ya fi jure laima, kuma faraima mai ruwa ba ta yi masa illa sosai. Matsalarsa jijiyar katako ce da ke fitowa ta cikin fenti, da ramukan da ke tsakanin falle-fallen a baki. Feshi ba ya rufe jijiya, yana ma ƙara fito da ita, domin siririn fenti ne da ke bin duk wani tudu da kwari. A kan fulawud sai faraima mai kauri da rola, shafi biyu ko uku, kana goge kowanne har sai jijiyar ta ɓace. Wasu sukan bi dukan fuskar da siririn foti da wuƙar shafi tukuna. Aiki ne mai cin lokaci, kuma duk wanda ya ce maka gwangwani biyu na faraima za su ɓoye jijiyar fulawud, bai gwada ba.

Ramukan sukuru da mahaɗar katako kuma, bodi fila na mota ya fi fotin katako mai ruwa. Na motar haɗi biyu ne, da manna da ɗan jan maganin da ke sa shi tauri. Yana ƙamewa cikin kamar minti 20, kuma ba ya tsukewa bayan ya bushe. Mai ruwan yakan ja ciki bayan kwanaki, sai ka wayi gari ka ga jerin ƙananan da'irori a jikin akwatin da ka gama fentinsa, kowace a kan sukuru guda. Haɗin gam da garin katako da kafintoci ke yi yana da kyau a ƙarƙashin banish, amma ya fi MDF tauri, idan kana gugarsa sai katakon da ke kewaye ya riga shi cinyewa.

Guga ita ce aikin. Samfefa mai lamba 120 don daidaita fila da baki, 180 zuwa 220 kafin faraima, 320 tsakanin shafi da shafi, 400 kafin launi idan feshi za ka yi. Ka naɗa samfefar a jikin guntun katako mai faɗi. Yatsu suna haƙa kwari ba tare da ka sani ba. Kada ka yi gugar ruwa a kan MDF, ko da mai fentin mota ya ce haka suke yi, domin ɗigo ɗaya da ya sami hanya ta baki ya isa ya tayar da kumburi. Da daddare ka kashe fitilar ɗaki, ka kwantar da tocila a jikin bangon akwatin ta yadda hasken zai bi fuskar a kwance. Abin da ka ɗauka sumul ne da rana za ka gan shi da inuwoyi: ga bakin fila ya ɗan ɗaga, ga layin da rola ta bari, ga wani ɗan rami kusa da kusurwa. Zagaye kowanne da fensir, da safe ka bi su. Wata dabarar masu mota ita ce a ɗan yayyafa baƙin feshi sama-sama a kan faraima, sannan a goge; duk inda baƙin ya rage, nan ne kwari.

To, yanzu launi.

Gwangwanin feshi shi ne abin da hannu ke fara kaiwa, tun da Edward Seymour ya fito da shi a jihar Ilinoi ta Amurka a 1949. Ba ya buƙatar wuta, ba ya buƙatar sirki, ba wankin kayan aiki. Amma yi lissafi kafin ka saya. Bangon gefe ɗaya na cikakken akwati ya haura murabba'in mita ɗaya. Idan ka haɗa biyun da gaba da sama da baya, kana maganar kusan murabba'in mita biyar. Gwangwani mai mililita 400 yakan rufe tsakanin murabba'in mita ɗaya da biyu a shafi guda, domin mafi yawan abin da ke cikinsa iskar turawa ce da sinadarin narkarwa. Ke nan kowane shafi zai ci gwangwani uku zuwa biyar. Faraima shafi biyu, launi shafi uku, ka tashi da gwangwani 15 zuwa 25. Litar fentin mai ɗaya kuwa takan rufe kusan murabba'in mita 10 zuwa 12, wato lita guda ta yi maka shafi biyu na dukan akwatin. Abin da ya yi kama da hanya mai araha shi ne ya fi kowace tsada.

Ko ba don kuɗi ba, gwangwani ba abokin babban fili ba ne. Faɗin feshinsa bai wuce tafin hannu ba. Domin fenti ya kwanta ya haɗe, dole kowane layi ya hau rabin wanda ya gabace shi tun yana jiƙe. A bango mai tsayin mutum, kafin ka dawo gefen layin farko ya fara bushewa, sai a sami zane-zane: nan sheƙi, nan dishi-dishi, nan sheƙi. A baƙin fenti abin ya fi muni. Ƙarfin gwangwanin kuma yana raguwa yana gab da ƙarewa, ya fara tofi, ɗigo ɗaya mai kauri ya faɗa tsakiyar aikin. Sannan akwai ƙa'idar lokaci da mutane ba sa karantawa. Gwangwanaye da yawa na enamel, wato fentin mai, irin na kamfanin Rust-Oleum, sun rubuta cewa a sake shafi cikin awa ɗaya, ko kuma a jira awa 48. Wanda ya fesa da yamma ya dawo da safe ya ƙara, ya faɗa tsakiyar wannan taga: saman ya ƙame, ƙasan bai ƙame ba, sabon fentin ya ci tsohon, fuskar ta tattare ta yamutse. Ba gyara sai kankarewa.

Duk da haka gwangwani yana da wurinsa, kuma a wurin ba shi da na biyu. Idan ƙaramin akwati ne na ɗorawa kan tebur, wanda tsayinsa bai wuce santimita 60 ba, kowane ɓangare ƙarami ne da za ka iya gama shi yana jiƙe, kuma gwangwani shida zuwa takwas za su iya isa. Haka ƙofar kuɗi ta ƙarfe, ragar lasifika, maƙalan fitilar sama, da katakon da ke kewaye da allon kallo. Idan za ka yi, kwance sassan ka shimfiɗa su a kwance, domin fenti ba ya hawaye a kwance. Girgiza gwangwanin minti biyu cur bayan ka fara jin ƙarar ƙwallon ciki. Riƙe shi nesa da santimita 25 zuwa 30, ka fara dannawa kafin ka iso kan katakon, ka saki bayan ka wuce shi, hannunka yana tafiya a miƙe ba yana lilo daga wuyan hannu ba. Kuma ka sayi duk gwangwanayen a lokaci guda, kamfani guda. Laka a kan enamel tana cinye shi, kuma jikin gwangwani ba kullum yake faɗa maka wanne ne a ciki ba.

Bindigar feshi ita ce ke ba da mafi kyawun sakamako, babu tantama. Faɗin feshinta ya kai taƙi ko fiye, ana gama bango guda cikin minti biyu yana jiƙe daga sama har ƙasa, kuma kana iya sa mata kowane launi da aka haɗa maka. Irin da ake kira HVLP tana aiki da iska mai yawa amma marar ƙarfi, don haka fentin da ke sauka a kan katako ya fi wanda ke tashi a iska. Bakin milimita 1.3 zuwa 1.4 na launi ne, 1.7 zuwa 2.0 na faraima mai kauri. Abin da ke kayar da mai koyo shi ne kwamfiresa. Irin wannan bindiga tana shan iska kusan lita 300 a minti, ƙaramar kwamfiresa mai tankin lita 25 kuwa ba ta iya ciyar da ita. Kana tsakiyar bango iska za ta faɗi, fenti ya fara fita da ƙuraje. Ga ruwan da ke taruwa a tanki, wanda idan babu matata zai biyo tiyo ya fito a kan aikinka. Ga janareta da zai iya tayar da injin. Ga koyon sirki, wanda ba a gane shi sai an ɓata 'yan kwalaye. Akwai ƙananan bindigogi masu lantarki da ba sa buƙatar kwamfiresa. Sun fi gwangwani a babban fili, amma ba sa niƙa fenti ya yi laushi kamar ta iska, kuma sai an sirka shi sosai.

Saboda akwati ɗaya, sayen duk wannan bai dace ba. Abin da ya dace shi ne ka yi cikon da gugar da faraimar da kanka a gida, sannan ka kai wa mai fentin mota ya fesa maka launi. Yana da kayan, yana da hannun, kuma rabin lita na fentin da ya saba da shi zai ba ka abin da gwangwani ashirin ba za su ba ka ba. Sai dai ka zauna da shi ku fahimci juna. Faɗa masa abin da ke ƙasa, domin tinarsa mai zafi tana iya tayar da faraima mai mai. A gwada a kan guntun katako da ka yi wa irin shirin da ka yi wa akwatin, don haka tun farko ka riƙa tafiya da irin wannan guntu a kowane mataki. Ka ce masa ban da ruwa. Ka kuma je da kanka ka ga inda zai ajiye shi ya bushe.

Rola ita ce aka fi rainawa, kuma ita nake ba yawancin mutane shawara. Ƙaramar rolar soso mai tauri, mai faɗin inci huɗu, da fentin mai da aka ɗan sirka, a kan bango da aka kwantar. Fentin mai yana jinkirin bushewa, wannan jinkirin kuwa shi ne alherinsa, domin yana ba shi lokacin da zai baje ya kwanta da kansa. Shafi siriri, kada ka danna, ka gama da bi ɗaya mai sauƙi daga sama zuwa ƙasa, ka bar shi ya kwana, ka goge da 320, ka sake. Bayan shafi uku abin da za ka samu fuska ce mai ɗan laushin ƙuraje da ba a gani sai an matso, iri ɗaya daga farko har ƙarshe, ba zane-zane. Ba za ta yi sheƙin mota ba. Amma ba hayaƙin fenti da zai sauka kan babur ɗin maƙwabci, ba asarar rabin fenti a iska, kuma idan yaro ya ƙwarzane shi bayan shekara, ragowar gwangwanin da rolar suna nan.

Ƙarfin sheƙi ma zaɓi ne da ke iya sauƙaƙa maka ko ya wahalar da kai. Baƙi mai cikakken sheƙi shi ne mafi wuyar fenti a duniyar nan. Madubi ne, yana nuna kowace ƙura da kowane yatsa. Mai matsakaicin sheƙi yana yafe kurakurai da yawa, kuma ya fi dacewa da rola. Marar sheƙi gaba ɗaya yana ɓoye aibi amma yana riƙe dattin hannu, don haka ka ajiye shi don cikin akwatin, kewayen allon kallo, inda ba a son haske ya riƙa dawowa cikin ido. Idan rawaya ko ja za ka yi, faraimarka ta zama fara. Waɗannan launuka ba su da ƙarfin rufewa, a kan ruwan toka sai su fito a dusashe, ka yi ta ƙari.

Yanayin garinmu yana shiga wannan zaɓi fiye da yadda jikin gwangwani ya sani. Yawancinsu sun rubuta a fesa tsakanin digiri 10 da 32, alhali a Kano ko Sakkwato ko Maraɗi bazara tana haura 40. A irin wannan zafi feshi yana bushewa a iska kafin ya isa katako, ya sauka kamar yashi. Sai da sassafe, a inuwa, kuma kada katakon ya kasance ya sha rana. Da hunturu bushewa ba matsala, ƙura ce matsala, kuma a nan lissafin ya juye: fentin mai da ke ɗaukar awanni yana jiƙe zai kwashi duk abin da iska ta kawo, shi kuwa mai saurin bushewa ya tsira. Idan a lokacin za ka yi rola, sai a ɗaki a rufe, an yayyafa ruwa a ƙasa don ƙura ta kwanta, an ɗora akwatin a kan katakai don kada ya taɓa laimar. Da damina, musamman a Agusta, laka takan yi fari-fari kamar hazo saboda laimar da ta kama, fentin mai kuma ya ninka lokacin bushewarsa. Saboda daminar nan da kuma mofa da ake bi da ita a tsakar ɗaki, ka shafa wa bakin ƙasa na akwatin faraima har sau uku ko da ba mai ganinsa, ka sa masa ƙafafun roba ko tayoyi. Daga ƙasa MDF ke fara mutuwa.

Maganar lafiya ba ta ado ba ce. Ƙurar MDF tana da laushi ƙwarai, kuma gam ɗin da aka haɗa shi da shi yawanci yana ɗauke da fomaldihaid. Takunkumin ƙura ya isa wajen guga, amma ba ya tare tururin tina; feshi yana buƙatar takunkumi mai gwangwanin gawayi. Fentin mota mai haɗi biyu, wanda ake zuba wa hadina, wato maganin da ke sa shi tauri, yana ɗauke da sinadarin aisosayanet da ke iya jawo asma ta dindindin, kuma wannan kaɗai ya isa dalilin da zai hana ka fesa shi a tsakar gida inda yara ke yawo. Bincike da aka yi a kasuwannin Najeriya ya sha gano dalma a cikin wasu fentin mai, musamman rawaya da ja da ruwan lemo, launukan da mai akwatin gem ya fi so. Abu ne da yara za su riƙa runguma suna wasa, don haka nemi wanda aka rubuta babu dalma a jikinsa, na kamfanin da aka sani. Tina kuma ba ta haɗa wuri da murhu ko janareta mai aiki.

Kafin ka kashe ko sisi a kan launi, tambayi kanka nawa ne daga jikin akwatin za a gani. Idan za ka manna sitika mai hoto a dukan gefen biyu, irin wadda masu buga allunan talla ke bugawa, to sheƙin mota asara ne; abin da sitika ke so fuska ce mai santsi da tauri, domin duk ƙwayar da ke ƙasa za ta fito ta cikinta. Faraima mai mai, guga mai kyau, shafi biyu na baƙi da rola, shi ke nan. Idan kuma za ka sa robar baki, wadda ake turawa cikin siririn tsagi a bakin katako, rabin wahalar bakin MDF ta tafi, shafi ɗaya na toshewa ya isa. Sai dai ka yanka tsagin tun kafin fenti, kuma ka bi shi da guntun kwali bayan kowane shafi don kada ya cike. Allon maɓallai shi ne inda hannu da gumi ke zama; fenti kowane iri ne zai cinye a wurin, gara fomaika ko sitika da aka rufe da roba mai kauri da ake gani ta cikinta.

Saboda haka, cikakken akwati na MDF mai launi ɗaya, ga wanda ba shi da kwamfiresa: sandin sila ko shalak a baki, faraima mai mai da rola, launi mai matsakaicin sheƙi da rola. Wanda zuciyarsa ta kafe a kan sheƙi: shiri a gida, feshi wurin mai mota. Ƙaramin na kan tebur da ƙarafa: gwangwani. Fulawud: ƙarin faraima da ƙarin guga, sannan duk wadda ka zaɓa a cikin ukun.

Kowace ka bi, bushewar da yatsa ke ji ba ita ce ƙamewa ba. Fentin mai yana ci gaba da fitar da tururi yana ƙara tauri har makonni. Idan ka manna sitika da wuri, tururin zai taru a ƙarƙashinta ya yi ƙulalai. Idan ka ɗaure sukuru da wuri, kansa zai murɗe fentin. Ba shi aƙalla mako biyu, fiye da haka idan damina ce. Gwajin kuwa a kan guntun katakon nan da ka riƙa tafiya da shi za ka yi: danna farce da ƙarfi, ka kuma kai hanci kusa. Idan farcen ya bar shaida ko har yanzu kana jin warin tina, ƙara masa kwanaki kafin ka ɗauko sitika da sukundireba.